Fashin aiki a wata gunduma ta Indiya: kyamara ta kawo malamai aji, hatimi ya kasa zaunar da nas-nas

Wurin da irin aikin

Gundumar tana kudancin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa, ƙauyukanta a warwatse, hanyoyinta ba daɗin bi. Akasarin mutanen karkararta talakawa ne daga ƙananan ƙabilun da karatun zamani bai yi nisa a cikinsu ba. Ma'aikata iri biyu ne wannan nazari ya shafa, kuma dukkansu kowa shi kaɗai yake aiki a wurinsa, ba shugaba a kusa, ba abokin aiki.

Na farko malamin ƙauye ne. A farkon shekarun 2000, wata ƙungiya mai zaman kanta da ta daɗe tana aiki a gundumar tana da ƙananan makarantu kimanin 150 a ƙauyukan da makarantar gwamnati ta yi wa nisa. Kowace makaranta ɗaki ɗaya ce, malami ɗaya, yara wajen ashirin, ana koya musu karatun Hindi da lissafi na awa shida a rana. Ƙungiyar ce ke ɗaukar malamin, ita ke biyansa rupi 1,000 a wata a lokacin. Na biyu kuwa nas ce ta gwamnati mai haɗawa da aikin ungozoma, wadda aka ba ƙaramin ɗakin shan magani da ke kula da mutane wajen 3,600. A ƙa'ida ɗakin zai kasance a buɗe awa shida a rana, kwana shida a mako.

Tunda mutum ɗaya ne a kowane wuri, ranar da bai zo ba kwaɗo ne a ƙofa. Matsalar ma ba ta wannan gunduma kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi da hannun Bankin Duniya a ƙasashe shida, aka wallafa a 2006, ya kai ziyarar ba-zata makarantu da asibitoci, ya tarar a Indiya kashi 25 cikin 100 na malaman firamaren gwamnati ba sa wurin aiki, ma'aikatan lafiya kuwa kashi 40. A cikin makarantun gwamnati kusan 3,000 da aka zaga a ƙasar, a guda ɗaya tak aka ba da labarin an taɓa korar malami saboda yawan fashi.

Kafin 2003: ziyara, nasiha, da ƙarin malami

Hanyar da ƙungiyar ta fara bi ita ce wadda kowa ya sani. Jami'anta kan leƙa makarantu jefi-jefi, ma'aikatanta na ƙauyuka kan kawo rahoto, in an haɗu a taron malamai sai a ja kunnen wanda aka ji ƙorafi a kansa. Kowane malami ya san a rubuce ana iya sallamarsa, ya kuma san da wuya a yi hakan. Nisan wuri ya sa ziyarar ba ta yawaita, kuma albashi na nan yadda yake ko mutum ya zo ko bai zo ba.

Daga nan aka gwada ƙara malami na biyu, mace in an samu, a rabin makarantu 42 da aka ware ta hanyar ƙuri'a. Tunanin shi ne in ɗaya bai zo ba ɗayan zai buɗe. Abin da aka samu: makarantun malami ɗaya suna rufe kashi 44 cikin 100 na lokacin, masu malami biyu kashi 39. Zuwan yara mata ya ƙaru da rabi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki, amma makin jarrabawa bai motsa ba. An ninka kuɗin albashi, ranakun rufewa sun ragu da ɗan kaɗan.

A watan Agusta na 2003, da aka sake zagawa ba tare da sanarwa ba, malaman da ba a tarar a bakin aiki ba sun haura kashi ɗaya cikin uku.

2002 zuwa 2003: ƙidayar ɗakunan shan magani da ɗan sa-ido na ƙauye

A wannan tsakanin ne masana tattalin arziki uku, Abhijit Banerjee da Angus Deaton da Esther Duflo, suka haɗa kai da ƙungiyar suka binciki lafiyar mutanen ƙauyuka 100 na gundumar. An riƙa leƙa cibiyoyin lafiya na gwamnati 143 kowane mako a lokacin aiki. Ƙananan ɗakunan shan magani an same su a rufe a kashi 56 cikin 100 na ziyarce-ziyarcen. Nas tana da uzurin da doka ta amince da shi, domin zaga gidaje yana cikin aikinta, saboda haka duk sanda aka tarar da ƙofa a kulle sai a bi ta cikin ƙauyukan da ke ƙarƙashinta. A kashi 12 kawai aka same ta a can. Sauran lokacin, kusan kashi 45, ba ta ɗaki ba ta ƙauye.

Abin da ya fi cutar da marar lafiya shi ne fashin ba shi da rana. Da a ce an san Talata ce ba ta zuwa, da mutum ya shirya tafiyarsa. To ba a sani ba, kuma wanda ya taɓa saɓo yaro mai zazzaɓi ya yi tafiyar ƙafa ya tarar da kwaɗo ba ya son maimaitawa. Ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na masu neman magani ne ke zuwa wurin gwamnati. Fiye da rabi suna zuwa wurin masu zaman kansu, ragowar wurin masu maganin gargajiya. Cikin waɗannan masu zaman kansu da ake kira likita, kashi 41 ba su da digirin likita, kuma a kashi 68 na zuwan da ake yi wurinsu allura ake yi wa mutum, alhali gwaji ba a yin sa sai a kashi 3.

Leƙen na mako-mako shi ma gwaji ne a kan kansa. Mutumin ƙauyen ake biya ya je ranar da ba a sanar ba ya rubuta ko nas tana nan. Ba a haɗa rahotonsa da wani hukunci ba. Fatan shi ne idon ɗan gari, da sanin cewa ana rubutawa, za su sa ta ji nauyi, ko kuma jama'a su ɗauki maganar su yi wani abu da ita. Bayan wata takwas aka kwatanta waɗannan cibiyoyi da wasu 80 da ba a sa musu ɗan sa-ido ba. Fashi a inda ake sa ido kashi 44, a inda ba a sa ba kashi 42.

Satumba 2003: kyamara a hannun ɗalibi

Ƙungiyar ta ware makarantu 120, aka yi ƙuri'a aka fitar da 60 da za a gwada sabon tsari a cikinsu, sauran 60 su zauna a kan tsohon tsari don a samu abin kwatantawa. Bakwai sun rufe kafin a fara, aka saura da 57 da 56.

Kowane malami a rukunin farko an ba shi kyamara irin mai fim, wadda ke buga kwanan wata da lokaci a jikin hoto. An liƙe maɓallan lokacin, an sa shaidar da za ta tona duk wanda ya taɓa. Da safe ɗalibi guda zai ɗauki malamin tare da sauran yara, a tashi kuma a sake ɗauka. Ba a lissafa rana a matsayin ranar aiki sai in akwai tazarar aƙalla awa biyar tsakanin hotunan biyu, kuma akwai yara aƙalla takwas a cikin kowane hoto. Sharaɗin yara takwas yana da dalili: malami ba zai zo ya tsaya a ɗaki shi kaɗai ya ce ya yi aiki ba.

Ga yadda lissafin albashin yake. Wanda ya yi kwana 10 ko ƙasa da haka a wata yana da rupi 500, ba a rage masa ƙasa da wannan. Kowace rana bayan ta goma tana kawo rupi 50. Mai kwana 20 zai tashi da 1,000 ɗinsa na da, mai kwana 26 zai tashi da 1,300. Malaman ɗaya rukunin suka ci gaba da karɓar 1,000 cur, tare da tunatarwar da suka saba ji cewa fashi na iya jawo kora.

Akwai wani ƙaramin tanadi da ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai dawo nan gaba. In kyamara ta lalace, malami zai sanar da ofis cikin awa 48, a aiko a canza masa, a kuma lissafa masa ranar da ta lalace.

Ba wanda ke zama ya yanke hukuncin ko uzurin malami karɓaɓɓe ne. Ma'aikacin ofis zai ƙirga hotunan da suka cika sharaɗi, ya buga lissafi, a biya. Biki ne ya hana ka, ko gona, ko rashin lafiya, duk ɗaya ne a wurin lissafin. Su kuma masu binciken, Duflo da Rema Hanna, daga baya Stephen Ryan ya shigo, ba su dogara da hotunan ba wajen auna sakamako. Sun tura nasu mutanen suna faɗa wa kowace makaranta ta rukunan biyu sau ɗaya a wata ba sanarwa.

2003 zuwa 2006: abin da aka gani a makarantu

Canjin bai ɗauki lokaci ba, kuma bai gushe ba. A tsawon wata 30 da aka yi ana aunawa, fashi a makarantun kyamara ya tsaya a kashi 21 cikin 100, a sauran kuwa kashi 42. Malaman da a da ba sa zuwa ko rabin kwanakin wata sun kusa ƙarewa a rukunin kyamara, masu zuwa kusan kullum kuma suka yawaita.

Tsoron da aka fara da shi shi ne malami zai zo don hoto ya zauna yana hamma. Duk wanda ya san aikin ofis ya san mai sa hannu a rajista da ƙarfe takwas ya ɓace, ko mai zama a kujera har a tashi ba tare da ya buɗe fayil ɗaya ba. Masu ziyarar ba-zata sun duba wannan: malamin yana cikin aji, yana rubutu a allo, yana magana da yara? Ba su ga bambanci tsakanin rukunan biyu ba. Malamin kyamara in ya zo yana koyarwa daidai yadda ɗan'uwansa ke yi in ya zo. Yawan yaran da ke zuwa ranar da makaranta take buɗe shi ma bai canza ba. Saboda haka ƙarin ranakun buɗewa ya zama ƙarin karatu kai tsaye, kimanin kashi 30 cikin 100 a kan abin da yaran ɗaya rukunin ke samu.

Bayan shekara guda aka yi wa yara jarrabawa. Na makarantun kyamara sun fi da 0.17 a ma'aunin da masu ƙididdiga ke auna tazarar maki da shi. Ba tsalle ne mai ban mamaki ba, amma a irin wannan fage ana ganin girmansa. Bayan shekara biyu da rabi, kashi 26 cikin 100 na waɗannan yara sun ci jarrabawar shiga makarantar gwamnati sun wuce, a ɗaya rukunin kashi 16. Matsakaicin albashin da aka biya a rukunan biyu kusan ɗaya ne, ƙarin kuɗin da aka kashe na kyamara ne da wanke hotuna da masu ƙirga su.

Saura tambaya ɗaya: kyamarar ce ta kawo su, wato jin cewa ana ganinsu, ko kuɗin? A nan tsarin albashin ya ba da amsa da kansa. Ɗauki malamin da ya riga ya wuce kwana goma. A ranakun ƙarshen wata kowace rana rupi 50 ce a aljihunsa, amma ranar ɗaya ga sabon wata lissafi ya koma farko. Sai kuma wanda ya yi fashi da yawa har ya tabbata ba zai wuce goma ba: zuwansa a ƙarshen wata ba ya ƙara masa ko sisi, amma da wata ya kama ya samu sabuwar dama. Da aka duba hotunan, sai aka ga na farko ya fi zuwa a ƙarshen wata fiye da farkon na gaba, na biyu kuma akasin haka. Kyamarar tana nan a duk ranakun, farashin ranar ne ke canzawa, kuma shi ƙafar malamin ke bi.

Da aka nemi ra'ayin malaman, da yawa sun nuna jin daɗin cewa yanzu albashinsu a hannunsu yake. Wasu sun yi ƙorafi a kan tsaurin ƙa'idar, musamman ranar da malami ya zo a kan lokaci yara suka makara, ya rasa ranar ba da laifinsa ba. Ƙungiyar ta ci gaba da tsarin bayan an kammala binciken.

Yuni 2004: zangon riga-kafi

Ana cikin wannan aka buɗe wani gwajin a ɓangaren lafiya. Yaran da suka kammala allurar riga-kafi a ƙauyukan ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ƙungiyar ta ɗauki nata nas-nas da mataimaka, ta sa su riƙa kafa zangon riga-kafi sau ɗaya a wata a ranar da kowa ya sani, a ƙauyuka 60 cikin 134. Hoto mai kwanan wata da lokaci ne shaidar sun je. Kimanin kashi 95 cikin 100 na zangunan da aka tsara an yi su.

A ƙarshe yaran da suka kammala riga-kafi sun kai kashi 18 a ƙauyukan da zango kawai aka yi, kashi 6 a inda ba zango. A ɗaya rabin ƙauyukan zangon, inda ake ba uwa kilo ɗaya na wani nau'in wake da Indiyawa ke miya da shi a kowace allura, da jerin farantai in yaro ya kammala, an kai kashi 39.

Nuwamba 2005: na'urar hatimi a ɗakin shan magani

Ganin abin da kyamara ta yi, hukumar lafiya ta gundumar ta amince a gwada makamancinsa a kan nas-nas ɗin gwamnati. An raba aiki: ƙungiyar za ta sa ido ta kawo rahoto, gwamnati za ta hukunta, tunda ita ke biyan albashi.

An fara da cibiyoyin da aka ƙara wa nas ta biyu, ana bibiyar sabuwar kwana uku a mako. A Janairun 2006 hukuma ta ba da umarni cewa ranar Litinin kowace nas ta zauna a ɗakinta, ba taro ba zaga ƙauye, don marar lafiya ya san aƙalla rana ɗaya da zai same ta. Daga Fabrairu aka fara bibiyar cibiyoyi masu nas ɗaya a ranakun Litinin. Nan ma ƙuri'a ce ta raba waɗanda za a bibiya da waɗanda za a bari.

Maimakon kyamara, na'ura ce mai buga hatimin kwanan wata da lokaci, a kulle cikin akwati, da lambar sirri. Rajista na manne a bango. Nas za ta sa hannu ta buga hatimi sau uku: ƙarfe tara na safe, tsakanin sha ɗaya da ɗaya, sai ƙarfe uku. Babban jami'in lafiya na gundumar ya sanar cewa wadda fashinta ya haura rabin ranakun da ake bibiya a wata za a yanke mata albashi gwargwadon ranakun, in ta maimaita a wata na biyu a dakatar da ita.

Wata shida na farko abin ya yi kyau ƙwarai. Masu ziyarar ba-zata sun riƙa tarar da nas-nas a ɗakunansu, a wasu ma'aunan ma zuwan ya ninka na cibiyoyin da ba a bibiya.

2006 zuwa 2007: yadda tsarin ya zube

Daga nan zuwan ya fara raguwa wata bayan wata. Bayan wata 18 da farawa ba sauran bambanci tsakanin inda ake bibiya da inda ba a yi. Ba a soke dokar ba, ba a kwashe na'urorin ba, kuma abin mamaki, a cikin rajista fashi bai ƙaru ba. Mai ziyara zai tarar da kwaɗo, takarda kuma ta nuna ba laifi.

Ƙofofi biyu aka bi. Ta farko ranakun uzuri. Tsarin ya yarda cewa in hukuma ta tura nas taro, ko ƙidaya, ko wani aikin lafiya, ba za a lissafa mata ranar a fashi ba. Jami'an babbar cibiyar da ke sama da ita ne ke ba da wannan izini, ƙungiyar kuma ba ta da hanyar tantance ko an yi taron. Ranakun uzuri suka riƙa yawaita a rajista, har a ranar Litinin da aka ce ba taro.

Ta biyu lalacewar na'ura. In ta lalace, nas ba za ta buga hatimi ba sai an zo an gyara, kuma ba a lissafa mata fashi a tsakani. Mai gyara kuwa ba ya iya shiga sai ya tarar da ita, tunda mabuɗin ɗakin yana hannunta. Rahoton lalacewa ya yawaita, wasu na'urorin da aka karɓo kamar an maka su da bango.

Akwai wani abin da ya fito a lissafin wanda ba a yi tsammani ba. Ko a watannin da nas-nas ke zuwa sosai, marasa lafiya ba su ƙaru ba. A matsakaici, mai ziyara kan tarar da ƙasa da mutum ɗaya a ɗakin. Banerjee da Duflo da Rachel Glennerster, da suka wallafa sakamakon a 2008, sun kwatanta aikin gaba ɗaya da manna wa gawa filasta.

Hukunci

Gunduma ɗaya, ƙungiya ɗaya, kayan aiki kusan iri ɗaya, sakamako biyu. A ganina bambancin yana wurin mai biyan albashi. A makarantu, hannun da ke ƙirga hoto shi ne hannun da ke biya, kuma ya ɗaure kansa da lissafin da ba ya sauraron roƙo. A ɗakunan shan magani mai gani daban, mai biya daban, a tsakaninsu kuma aka bar jami'in da ke da ikon cewa yau ba a lissafa ba. Wannan jami'i yana haɗuwa da nas ɗin a kowane taro, ita zai nema gobe in aikin riga-kafi ya taso, kuma ba abin da zai same shi in ɗakinta ya wuni a kulle. Talakan da ya tarar da kwaɗo ba ya iya taɓa kujerarsa. An ga irin wannan a Kenya ma, inda aka ba shugabannin makarantu ikon tantance malaman rainon yara da suka cancanci kyautar keke saboda zuwa aiki: kowa aka rubuta ya cancanta, fashi kuma bai ragu ba.

Wani zai ce ai nas ba malami ba ce, aikinta ya fi wuya. Zangon riga-kafi ya rage wa wannan magana ƙarfi, domin nas-nas ne a duwatsun nan dai, suka je kashi 95 cikin 100 sa'ad da mai duba hoton shi ne mai biyansu. Watanni shida na farkon hatimi ma shaida ne: nas ɗin gwamnati tana iya zuwa, ta kuma zo, muddin ta yarda yankan albashin gaske ne. Ɗan sa-ido na ƙauye kuwa ya nuna gani kaɗai ba ya tsinana komai in ba abin da ke biye da shi.

Sai dai ba zan ɗora wa jami'an laifin duka ba. Ranar malami abu ɗaya ce, yana aji ko ba ya aji. Aikin nas kuwa da gaske ya haɗa da fita, saboda haka dole a bar ƙofar uzuri, kuskuren shi ne barinta ba mai gadi. Aikin da aka rubuta mata ma ya yi yawa: ta zauna a ɗaki, ta taka zuwa rugage cikin zafin Rajastan, ta cika takardu, ta halarci taro. Shugaban da ya san ƙa'idar ba ta yiwuwa gaba ɗayanta yakan saba da kau da kai, in ya saba kuma ba ya bambance mai uzurin gaske da mai fakewa. Ga kuma ɗakin da ba kowa. Macen da ta yi sammako ta zo ta wuni ba ta ga marar lafiya biyu ba, da wuya a gamsar da ita cewa zamanta na da amfani, su kuma mutanen da suka shekara suna tarar da kwaɗo wata shida ba ya isa ya dawo da su. Malami in ya zo, yara ashirin na jiransa.

Nasarar kyamarar ma tana da iyaka. Malaman nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne, albashinsu ƙarami ne ƙwarai, har rupi 50 ta zama kashi 5 cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata. Ma'aikacin da ke da kariyar aikin gwamnati da ƙungiyar ƙwadago a bayansa ba lalle ya karɓi irin wannan lissafi ba. Tsarin bai san rashin lafiya ba, bai san rasuwa ba, abin da ya tanada kawai shi ne ba za a sauka ƙasa da 500 ba. Kuma duk da haka malami ɗaya cikin biyar ba ya nan ranar da aka leƙa.

Da ni za a tambaya inda aka fi yin sakaci wajen kwafo tsarin daga makaranta zuwa asibiti, zan nuna batun lalacewar na'ura. A makaranta nauyin sanarwa yana kan malami, da wa'adin awa 48. A ɗakin shan magani na'urar da ta mutu hutu ce marar wa'adi, kuma mabuɗin ɗakin da mai gyara zai shiga yana jakar wadda ke cin moriyar hutun.